Firinta mai tawada ko mai hoda: a fara tambayar wutar gida

Wanda ya fi kowa cutuwa da firinta mai tawadar ruwa shi ne wanda ba ya yawan buga takarda. Mai shagon da na'urarsa ke aiki daga safe har dare ba shi da wannan kuka. Magidancin da ya saye ta saboda takardar JAMB ta yaro, ko ta lambar NIN, ko wasiƙa ɗaya a wata, shi ne zai kunna ta ya tarar da fararen layuka sun ratsa rubutun, ko kalar rawaya ta ƙi fitowa sam.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kan firintar akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka, kowannensu bai kai kaurin gashi ba, ta nan take feso tawada. In ta yi makonni a ajiye sai tawadar ta daskare a bakin ramukan, kuma zafin Afrilu da busasshiyar iskar hunturu ba sa raga mata. Maganin da na'urar ta sani ɗaya ne: ta wanke kanta. Da tawadarka take wankin, tana zubar da ita cikin wani soso da ke can ƙarƙashinta. Ka biya kuɗin abin da bai taɓa hawa takarda ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin masu ƙaramin ƙarfi ne ke sayen irin wannan firinta, ganin arharta, alhali ribar kamfani tana cikin tawadar da za a riƙa saye.

Shi ya sa nake goyon bayan masu komawa ƙaramar firinta mai leza. Ita ba ruwa a cikinta. Hoda ce, wadda masu gyara ke kira tona, garin roba mai laushi da aka haɗa da launi. Dabarar ta samo asali daga aikin Chester Carlson na 1938, sannan Gary Starkweather na kamfanin Xerox ya haɗa ta da hasken leza a wajajen 1971. Hoda ba ta bushewa, tun da dama busasshiya ce. Ka bar ta wata uku, ka dawo ta buga maka shafi tas. Kuma in ruwan damina ya taɓa takardar, rubutun ba ya dagulewa.

Amma akwai abin da mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba, kuma a ƙasarmu shi ne kan gaba. Kafin hodar ta manne, sai an gasa ta a kan takarda da zafin da ke kusan digiri 200. Gashin nan wuta yake ci. Firinta mai tawada ba ta cika wuce wat 30 ba, amma mai leza tana jan wat ɗaruruwa in tana aiki, kuma lokacin da take ɗumama kanta takan doshi 1,000. Ƙaramin janareta zai yi gurnani ya mutu. Inbatar da aka haɗa don fanka da fitila za ta yi ƙara ta ɗauke. Hatta masu ƙera batirin ko-ta-kwana na kwamfuta suna gargaɗi kada a jona masa firinta mai leza. Gidan da ya dogara da ƙaramin sola, to ya duba rubutun da ke bayan na'urar kafin ya taya. A duba har da ƙarfin wutar: wadda aka ƙera don Amurka ta bolt 110 ce, tamu kuwa 230, kuma wasu daga cikin na hannu daga can suke zuwa.

Sai batun kuɗi. Mai kala tana da gwangwanin hoda huɗu: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Waɗanda ke zuwa a cikin kwali yawanci ba cikakku ba ne, kuma ranar da huɗun suka ƙare tare, kuɗin sababbi na asali kan kusanci na firintar kanta. Adadin shafukan da aka rubuta a jiki ma an auna shi ne da shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin 100 kawai. Katin gayyatar biki mai cike da kala ba ya cikin wannan lissafi. A tambayi mai gyara na unguwa ko ana samun hodar wannan samfuri a kasuwa, domin wasu kamfanonin suna sa ɗan guntun lantarki da ke ƙin karɓar wadda ba tasu ba.

Mai son hoton biki ko na suna a takarda mai sheƙi, leza ba za ta gamsar da shi ba. Gara ya nemi mai tankin tawada, irin EcoTank ta Epson, muddin zai riƙa buga wani abu duk mako. Wanda kuwa ya duba takardunsa na shekara ya ga kusan duk baƙin rubutu ne, ya sayi mai leza baƙa zalla, gwangwani ɗaya, ya kai 'yan masu kalar shagon bakin titi.