Kafin a sayi katin hoto, a tambayi wutar Tawa

Kwamfuta ta shiga jerin kayan da gida ke buƙata. Malami na son buga takardun jarrabawa da lissafa makin ɗalibai, ɗalibar Jami'ar Djibo Hamani na son rubuta kundinta, yaro kuma idonsa na kan eFootball da GTA. Kuɗin dai ƙwaya ɗaya ne, sau da yawa ma wani ɗan'uwa ne ya aiko daga Abijan ko Libiya bayan ya sha wahalar ci-rani. Da an zo zaɓen kaya sai uba ya ja baya ya bar wa yaro, tun da shi ne ya kalli bidiyo a YouTube. Masu yin waɗannan bidiyoyi kuwa suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ɗakunansu da sanyi, babu ƙura. A ganina, mai haɗa kwamfuta a Tawa ya fara da lissafin wuta da zafi da ƙura, abin da ya rage a aljihu sai ya sayi ƙarfin wasa da shi.

Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa a lokacin, kuma sai a farkon 2024 aka maido ta, bayan CEDEAO ta janye takunkumi. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, megawat 7 ce, ba za ta ɗauki jiha guda ba. Ko a ranar da wuta take, takan yi ƙasa ta yi sama, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Wannan hawa da sauka shi ke ƙona kaya. Don haka a ware kuɗin na'urar daidaita wuta da na UPS tun kafin a yi cinikin komai. UPS yana ba malami ƴan mintocin da zai adana aikinsa ya kashe na'ura lafiya. Haka akwatin wutar da ke cikin kwamfutar: a sayi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus. Mai araha marar suna idan ya tashi mutuwa yakan tafi da sauran kaya.

Katin hoto shi ne abin da yara suka fi nacewa a kai, shi ne kuma ya fi cin kuɗi da wuta. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170. Furosesa irin Ryzen 5 5600G, wanda ya fito a 2021, wat 65 yake ja, yana da ƙwayoyin aiki 6, kuma da sashen hotonsa a cikinsa. Yana ɗaukar Word da Excel da taron bidiyo ba tare da gumi ba, yana kuma buga wasannin ƙwallo da GTA V idan aka rage ƙyallin hoto. Duk wat ɗin da na'ura ta ja zafi yake zama a cikin ɗaki, kuma UPS mai girma yake nema. Wanda ya fara ba tare da kati ba bai rufe ƙofa ba: gurbinsa na nan a kan babban allon, ranar da hali ya samu sai a ƙara.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne RAM da ma'ajiya. A nemi gigabait 16, a sanda biyu masu 8-8, domin sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake aro, kuma sanda biyu sun fi ɗaya sauri nesa ba kusa ba. Ma'ajiya kuwa SSD ce, ko da mai gigabait 500. Ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri, kuma jijjigar mota a kan hanya ba ta lalata ta. Akwati mai fitilu kala-kala ba ya ƙara komai. Wanda ke da ragar tace ƙura da wurin fanka biyu shi ya dace da hunturunmu, a riƙa buɗe shi ana hure ƙurar duk wata biyu ko uku.

Wanda ƙarfinsa bai kai sabo ba, tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da ƙarko. Amma a duba shekarun furosesa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama. Rubutun "Core i7" a jikin akwati ba hujja ba ce, domin akwai i7 da ya haura shekara goma. A duba madannai ma. Kayan da ke shigowa daga Sakkwato da Kano ta Ƙonni galibi QWERTY ne, alhali malamin da ke rubutu da Faransanci AZERTY ya saba da shi. Kada a biya kuɗi sai an kunna na'ura a gaban mai saye, ta yi aiki na akalla rabin awa, an ga adadin RAM da ido, an kuma karɓi rasit.

Wani zai ce laftof ta fi, tun da batirinta na jikinta. A ƙauyukan arewacin Adar, wajen Barmu da Takanamat da Afala, inda gidaje da yawa suka dogara da faifan hasken rana da batir, gaskiyarsa ce, kuma ita nake ba da shawara. A cikin birni kuwa kwamfutar tebur ta fi sauƙin gyara, domin abin da ya mutu shi kaɗai ake canzawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da rufe iyakar Benin ya tsawaita hanyar kaya daga teku. Tana da wata fa'ida ga iyaye: ba ta shiga ƙarƙashin bargo. A ajiye ta a falo inda kowa ke gani, a buɗe wa yaro asusunsa daban da na mai gida, a yanka masa lokacin wasa.

Ba na cikin masu cewa wasa ɓata lokaci ne zalla. Yaron da aka zaunar da shi aka lissafa wat da farashi tare da shi, ya ɗaura RAM da hannunsa, ya koyi sana'ar da za ta iya ci da shi gobe. Amma uba ko uwa su riƙe wuƙa da nama. Yaro ya kawo jerin kayansa a rubuce, malamin makaranta ko mai gyara amintacce ya duba, sannan a tambayi abu uku a kan kowane kaya: wuta nawa yake ci, zai jure zafin Mayu, kuma idan ya mutu za a sami madadinsa a Tawa ko Ƙonni?