Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo

Jama'a, wai shin wa ya kamata ya zaɓi littattafan da ake jerawa a laburaren jami'a? An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha da ke Kafin Hausa ta biyo baya a 2013. Jami'o'i ne sababbi, ba su gaji kantoci maƙil da littattafai irin na Zariya da Kano ba. Saboda haka duk kwabon da asusun TETFund ya ware musu don laburare, in aka sayo tarkace da shi, to an yi wa ɗalibai asarar da ba ta mayuwa da wuri.

Ni dai ra'ayina, kada a sayi littafi ko kwamfuta sai an tambayi malamai, sashe-sashe. Wasu za su ce ai ma'aikatan laburare sun karanci aikinsu. Ba musu, sun san tsari da adana. Amma mai koyar da nahawu shi ya san aji guda ba zai wadatu da ƙamusun Bargery na 1934 kwafi ɗaya ba. Ɗan kwangila kuwa abin da ya gani a jerin kamfanonin Landan shi zai kwaso. Ina zai ga littattafan Kamfanin NNPC na Zariya a can, balle rubuce-rubucen ajami da gara ke ci a zaurukan malamai a Haɗeja da Ringim?

Haka batun na'urori. Malamin likitanci mujallun intanet na ƙetare yake bukata, a biya masa. Malamin Hausa fa? Na'urar ɗaukar hoton tsofaffin takardu yake so, da ta naɗar muryar makaɗa, da kwamfutar da ta san ƙ da ɗ da ɓ, wadda ba za ta mayar da ƙasa ta koma kasa ba. In ba a tambaye shi ba, wa zai faɗa?

Kuma ba tambayar jeka-na-yi-ka ba, a turo takarda ana tsakiyar jarrabawa a ce a cika kafin gobe. A zauna da kowane sashe, a rubuta abin da suka nema, a manna a allon sanarwa, ƙarshen shekara a faɗi wanda aka sayo da dalilin barin sauran.

Ku kuma malamanmu, Allah ya gafarta muku, akwai naku. Wanda aka tambaya ya yi shiru, don ya fi son mu dogara da 'yan takardun da yake rabawa a aji, shi ma a manna sunan sashensa, a rubuta a gabansa cewa bai nemi komai ba.