Ra'ayinmu: Sinadarin Da Ke Cikin Goro Na Ceton Bakwaini, Amma Sai A Hannun Likita

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Gaya da Kamba, ba sai an gaya masa darajar goro ba. Da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, kuma shi direban babbar mota ke taunawa cikin dare don kada barci ya kwashe shi. Abin da ke korar barcin nan wani sinadari ne da ake kira kafeyin, wanda yake cikin gahawa da shayi ma. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, wannan sinadari, idan an tace shi an auna shi a matsayin magani, yana cikin abubuwan da suka fi ceton ran jariri bakwaini a duniya. Abin takaici, ƴaƴanmu ne ba su cika samun sa ba.

Bakwaini a wurin likitoci shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai kimanin miliyan 13.4, wato sama da ɗaya cikin kowane goma, kuma matsalolin haihuwar bakwaini ne kan gaba wajen kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce ɗaukewar numfashi. Sashen ƙwaƙwalwar da ke ba jiki umarnin ya ja iska bai gama ƙosawa ba, don haka sai yaro yana barci kurum numfashi ya tsaya na daƙiƙa 20 ko fiye, bugun zuciya ya ragu, leɓe ya sake launi. Abin ya fi yawa ga waɗanda aka haifa kafin mako 34, waɗanda ba su kai mako 28 ba kuwa kusan dukansu sukan yi fama da shi. Ba kuka, ba tari, ba zazzaɓi. Shi ya sa a gidajenmu sau da yawa sai dai a ji an ce an wayi gari yaro ya koma.

Aikin kafeyin shi ne ya zaburar da wannan sashe na ƙwaƙwalwa har yaro ya girma ya iya da kansa. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1977 likita Jacob Aranda da abokan aikinsa a birnin Montreal na ƙasar Kanada suka bayyana amfaninsa. A 2006 kuma aka fitar da sakamakon babban binciken da Farfesa Barbara Schmidt ta jagoranta kan jarirai sama da 2,000 masu nauyin giram 500 zuwa 1,250. Cikin waɗanda aka ba kafeyin, kashi 36 cikin ɗari ne suka samu ciwon huhu mai daɗewa, waɗanda ba a ba su ba kuwa kashi 47. Da aka sake duba yaran suna kimanin shekara ɗaya da rabi, sai aka tarar shanyewar gaɓoɓi ta dalilin taɓuwar ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci a cikin waɗanda suka samu maganin. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi wajen maganin ɗaukewar numfashi ga bakwaini, ta kuma ce ana iya bayar da shi rigakafi ga wanda aka haifa kafin mako 34. Yana kuma cikin jerin magungunan da hukumar ta ce bai kamata asibiti ya rasa ba.

To ina gizo ke saƙar? Binciken da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa maganin, wanda sunansa kafeyin sitarat, ko dai babu shi, ko kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Sai ma'aikata su koma ga aminofilin, tsohon magani da sai an ba shi sau biyu ko uku a yini, ya fi sa zuciyar yaro gudu, kuma tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ba nisa. Kafeyin kuwa sau ɗaya ake ba shi a yini, ta jijiya ko ta baki. Mu da muka san ciniki mun gane dalilin: ƴan kamfanoni kaɗan ke kawo shi, oda ba ta da yawa, farashi ya hau, asibiti ya ƙi saye, mai shigo da kaya ya ce ba riba. A haka ake ta zagaye, jarirai na tafiya.

A nan tilas mu ja kunne da babbar murya. Kada wani ya karanta wannan sharhi ya je ya jiƙa goro, ko ya dama Nescafé, ko ya tsiyayo shayi ya ɗura wa jariri. Wannan ganganci ne da rai. Maganin asibiti da miligiram ake auna shi gwargwadon nauyin yaro. Babban mutum jikinsa kan rage rabin kafeyin cikin awa biyar ko makamancin haka, amma a jikin bakwaini sai ya yi kwana uku zuwa huɗu bai ragu da rabi ba. Idan ya yi yawa yana kawo gudun zuciya da jijjiga. Bayan haka bakwaini bai iya haɗiya sosai ba, duk abin da aka ɗura masa, ɗauri ne ko ruwa, yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. Haka nan uwa ta ci goro don ya bi ta nono ba magani ba ne.

Kunne na biyu na ƴan uwanmu masu tallar magani a tire da kan keke ne. Da zarar sunan magani ya fito, jabunsa na biye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kimanin ɗaya cikin kowane magani goma da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Ba mu manta ba da yara kusan 70 da suka rasu a Gambiya a 2022 bayan shan gurɓataccen maganin tari. Wanda duk ya kasa maganin bakwaini a rana kusa da tumatir, ya sani haƙƙin rai ya ɗauka.

Kiranmu uku ne. Na farko ga hukumomin lafiya na ɓangarori biyu na iyaka: a sa kafeyin sitarat cikin kayan da gwamnati ke saye da yawa lokaci guda don farashi ya sauko, a kai shi cibiyoyin kula da uwa da yaro irin na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da asibitocin gundumomi, a kuma horar da ungozomomi da masu jinya yadda ake auna shi. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, to bakwaini ne ya fi kowa cancantar wannan alkawari. Rufe iyakar da aka yi a 2023 kuma ya koya mana cewa idan hanya ta toshe, magani na cikin abubuwan da ke fara ɓacewa, saboda haka a riƙa ajiye na ko-ta-kwana.

Na biyu ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ku tura wakilai su tambayi shugaban asibitin garinku ko akwai wannan magani, idan babu a tara abin da ya sawwaƙa a saya ta hanyar farmasi mai lasisi, a miƙa wa ɗakin jarirai. Kuma idan ɗan majalisa ko magajin gari ya shigo kasuwa gaisuwa, a yi masa wannan tambaya a gaban jama'a.

Na uku ga magidanta. Fatauci kan raba mu da gida mako guda ko fiye. Kafin ka tafi, ka bar izini da kuɗin mota, don idan naƙuda ta zo kafin lokaci kada a zauna jiran dawowarka. Idan an haifi bakwaini a gida, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a rufe su, a sa masa hula, a nufi asibiti nan take. Idan numfashi ya ɗauke a hanya, a shafa bayansa ko tafin ƙafarsa a hankali har ya ja iska, kada a girgiza shi. Suna da walima za su iya jira.

Rai na Allah ne, amma Shi ya ce tashi in taimake ka. Magani ya samu, an gwada shi, an tabbatar. Abin da ya rage a kawo shi inda ake haihuwar ƴaƴanmu. Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya.