Waya Ta Uku: Wa Ya Cinye Ta?

'Yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wani abu da muka mayar abin dariya a shagunan buga takardu da ofisoshinmu na karkara, alhali kuwa ya cancanci a kai wasu gaban alƙali a kansa. Mutum ya taɓa akwatin ƙarfen kwamfuta, ya ji wuta ta fisge masa yatsa, ya yi tsalle, sai mai shago ya ce, "Sa takalmi, malam, haka take." Wannan kalma ta "haka take" ita nake so mu tuhuma yau, domin a ƙarƙashinta ɓarawo yake kwance.

Mu ɗauki Dole Kaina misali, garin nan na bakin Kwara a Jihar Kebbi, kusa da inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu. Garin kan iyaka ba ya rabuwa da takarda: ta kaya, ta shaida, ta neman makaranta. Tun daga 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, ɗan talaka ba shi da makawa sai ya zauna gaban wannan na'ura. Saboda haka jan da take yi ya shafi kowane gida mai ɗalibi.

Bari mu fara da dalili, don kada a ce hayaniya kawai muka iya. Wutar da ke cikin soket a ƙasar nan bolt 230 ce, kuma wayoyi uku aka tanadar mata. Ta farko tana kawo wuta, ta biyu tana mayar da ita, ta uku kuwa, mai launin kore da rawaya, wadda masu wayarin ke kira atin, tana haɗa jikin na'ura da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A cikin tukunyar wutar kwamfuta akwai wasu 'yan ƙananan matatai da ke zubar da ɗan digon wuta a jikin akwatin da gangan, bisa amanar cewa waya ta uku za ta kwashe shi. Idan babu ita, akwatin yakan tsaya da kimanin rabin wutar soket, wajen bolt 115, yana jiran wanda zai zame masa hanya zuwa ƙasa. Mai tsaye ba takalmi a kan siminti shi ne hanyar.

Wannan digo kaɗan ne, galibi bai kai ya kashe ba, kuma a nan ne masu "haka take" suke fakewa. Amma fa digon shaida ne cewa mai gadin gidan ba ya nan. Ran da rigar wayar farko ta tsage a ciki, ko ƙura da damshi suka haɗa ta da akwati, bolt 230 ɗin za su hau ƙarfen gaba ɗaya. A gida mai atin na kirki wutar za ta kwarara ƙasa, makashin wuta ya katse ta. A gidan da babu, fis ba zai ƙone ba, kwamfuta za ta ci gaba da aiki lafiya lau, sai an taɓa. Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A wajen miliamfiya 10 hannu yakan damƙe ya kasa saki. Abin da ya haura 30, in ya ratsa ƙirji ya ɗan jima, yana iya rikita bugun zuciya. Jiki mai gumi kuwa, irin na watan Afrilu a Dandi, yana iya barin fiye da miliamfiya 100 su bi ta cikinsa. Ku yi lissafin da kanku.

To, ina waya ta uku ta tafi? A kan iyaka tana ɓata ta hanyoyi biyu. Hanya ta farko gadon Turawa ce. Mu Ingila ta bar mana soket mai baki uku masu kusurwa, Benin da Nijar kuma Faransa ta bar musu filogi mai haƙora biyu zagayayyu, wanda atin ɗinsa rami ne da ke jiran wani tsinke daga jikin soket ɗin Faransa. Kwamfutar gwanjo da ta taso daga Kwatano ta bi ta Malanville takan zo da irin wannan filogi. Sai mutuminmu ya sa tsinken ashana ya danne murfin soket, ya cusa haƙoran biyu, wuta ta kawo, ya yi murna. Bai san ramin atin bai taɓa kome ba, kuma ya rasa fis ɗin da ke cikin filogin Ingila. Wannan laifin rashin sani ne, maganinsa kuma bai wuce sayen igiyar wuta mai filogi baki uku ba.

Hanya ta biyu sata ce tsagwaronta. Ɗan kwangila ya rubuta wayoyi uku a takardar kiyasi, ya ja biyu a bango, ya sa kuɗin ta ukun aljihu, domin ya san fitila za ta kama ko babu ita. Wani ya ja ukun, amma ya bar bakinta a tsirara cikin rufi. Wani ya kafa guntun rodi da aka shafa wa launin jan ƙarfe, damina biyu tsatsa ta cinye shi. Sa'an nan wani ma'aikaci mai takardar jami'a ya zo, ya danna makunni, ya ga haske, ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage a nan alƙalamin ɗan boko ne. Ku da za ku gama karatu baɗi, wannan alƙalami hannunku zai dawo.

Kada wani ya ce babu doka. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin duba wayarin da ba masu aikin lantarki shaidar ƙwarewa, kuma dokar lantarki ta 2023 ta tabbatar mata da wannan aiki. Ƙasar da ta gina madatsar Kainji a 1968, ta ja babban layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai tun 1976 tana sayar wa maƙwabta wuta, ba za ta ce sandar jan ƙarfe ta gagare ta ba. Muna tambaya: mai duba wayarin da ke zaune a babban birni, yaushe zai san hanyar Kamba da Lolo da Bagudo? Ko ran mutumin kan iyaka ya fi na mutumin Abuja araha?

Kafin su zo, ga abin da kowa zai iya. In akwati ya ja ka, zare filogi daga bango kafin kome. Cire firinta da allo da duk abin da ke haɗe, domin wani lokaci su ne masu ɗigar. Jefar da igiyar ƙari mai waya biyu, ko da bakinta uku ne, araha ba ta ado. Gwada na'urar a gidan da aka tabbatar da atin ɗinsa: in ta daina ja, laifin na gidanka ne, in kuwa fis ya ƙone ko makashi ya faɗi, tukunyar wutar ce ta lalace, a canja ta. Daga nan aikin ƙwararren mai wayarin ne, wanda zai auna da mita ya ga ko bakin soket na uku ya isa sanda, ko an juya waya ta farko da ta biyu. In ya ce zai haɗa atin da waya ta biyu cikin soket don a huta, sallame shi, domin ran da wayar nan ta tsinke akwatin zai ɗauki wuta. A kafa sanda mai tsawo har ta tarar da damshi, a tuna cewa yashin rani busasshe ba ya karɓar wuta kamar laka. A sa makashin nan mai lura da ɗiga, mai katsewa a miliamfiya 30, a riƙa danna maɓallin gwajinsa. Mai janareta da mai sola duk wannan hukunci ya hau kansu.

Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta fara da ɗakunan kwananmu, ta nemi a auna kowane soket a kafa sakamako a allon sanarwa. Ɗaliban injiniya 'yan Kebbi kuma su tafi hutu da mita a jaka, su bi shago shago. Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, kada ka sa hannu a takardar ginin da ba ka ga sandarsa da idonka ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu gane.