A Sa Ƙaramar Giya Tun Daga Gindin Tudu

'Yan'uwa manoman Gayam da kewayen Birnin Gwari, in kaka ta yi, ƙaramar taraktar ƙungiya ba ta hutawa da jidar masara. Buhu 20 masu kilo 100, tan 2 ke nan a tirela, sau da yawa ya fi nauyin taraktar kanta.

Ga shawararmu. Direba ya tsaya a gindin tudu, ya sa ƙaramar giya tukuna. Canja giya a tsakiyar hawa yakan ƙone kuloci, lodi kuma ya ja tarakta baya. Giyar da aka hau da ita, da ita za a sauka. Kada a sa firi ko a taka kuloci a gangara, gama inji ne ke riƙe nauyin, birki kaɗai ba ya iyawa.

Amma laifin ba na direba kaɗai ba ne. Muddin muna biyansa bisa yawan sawu, mu ne muke tura shi gudu. Mu riƙa biyansa kuɗin yini. Da guminmu duka aka sayi taraktar nan, direban kuma yana da iyali. Sauri kan haifi nawa.