Bidiyon talla: Asarar da ake tafkawa tun kafin a kunna kyamara

A Kantin Kwari da Singa da Farm Centre a Kano, da wuya a samu babban shagon da ba shi da shafi a Instagram ko TikTok. Masu atamfa da shadda, masu turare, gidajen abinci, makarantun kuɗi da dillalan filaye, kowa na neman bidiyon talla. Hakan ya buɗe kasuwa ga matasa masu ɗaukar hoto, waɗanda da dama a Kannywood suka koyi aikin.

Sai dai harkar cike take da rigima. Ɗan kasuwa na cewa ya biya kuɗi amma bidiyon bai kawo masa ciniki ba. Mai ɗaukar hoto na cewa an sa shi gyara sau biyar kuma an riƙe masa cikon kuɗinsa. Idan aka bi diddigi, tushen matsalar ɗaya ne: an fita ɗauka ba tare da an zauna an rubuta abin da ake so ba.

Yadda cinikin ke gudana sananne ne. Alhaji ya kira waya ya ce a zo a yi masa "talla mai kyau", a yi tsada, a tura kafin alƙalami, washegari sai ga kyamara a ƙofar shago. Babu wanda ya tambayi su wa ake son su kalla, ko me ake son su yi bayan sun kalla. Tallar da ake yi wa mai sarin dila daga Maraɗi ko Agadez daban take da wadda ake yi wa amaryar da ke neman turmi biyu. Na farko farashi da hanyar aika kaya yake son ji, ita kuwa launi da zane take son gani.

Inda za a saka bidiyon ma a kan takarda ake yanke shi. Talabijin irin su Arewa24 da kuma YouTube hoton kwance suke so, mai ma'aunin 16:9, yayin da TikTok da sitatus na WhatsApp suke son na tsaye, 9:16. Wanda ya ɗauka a kwance sannan aka ce ya mayar tsaye, dole ya datse gefe da gefe, wani lokacin har da rabin kayan da ake tallatawa. Mai kallo a waya yana lissafin datarsa, sau da yawa kuma sautin a kashe yake. Idan daƙiƙun farko suka ƙare a nuna ƙofar shago da gaishe-gaishen mai shago, ya wuce. Shi ya sa ake tsara abin da zai fara bayyana, da rubutun da zai fito a ƙasan hoto, tun kafin ranar ɗauka.

Sauti ma haka. Ana kashe kuɗi wajen hayar babbar kyamara a manta da makirufo, alhali a kasuwa ake, ga ƙarar janareta ga hon na 'yan Adaidaita Sahu. Ziyarar awa ɗaya a wurin kafin ranar aiki za ta nuna lokacin da hayaniya ke lafawa da inda haske ke shigowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komawa a sake ɗauka ya zama asara mai nauyi, domin mota da janareta duk mai suke sha.

Akwai kuma doka, wadda ɓangarorin biyu kan yi biris da ita. Dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta 2022 ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta ga jama'a, har da ta intanet. Daga 1 ga Oktoban 2022 hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallar da aka nufi 'yan Najeriya da ita. Tallar magani, abinci ko kayan shafa na buƙatar amincewar NAFDAC, abin da ya kamata masu maganin gargajiya su lura da shi. Tashi da jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoton rukunin gidaje na buƙatar izinin hukumar NCAA. Ɗora waƙar wani mawaƙi ba da izininsa ba na iya sa a toshe sautin ko a sauke bidiyon.

Sannan wa ya mallaki hotunan? Ɗan kasuwa kan ɗauka tunda ya biya, komai nasa ne. Amma a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce yake tabbata. Haka batun jarumin da aka ɗauko: wata nawa za a yi amfani da fuskarsa, kuma zai iya tallata shagon maƙwabci a mako mai zuwa?

Wasu za su ce kasuwancin Arewa a kan amana aka gina shi, kuma mai shagon da kuɗin tallarsa kaɗan ne ba ya buƙatar lauya. Gaskiya ne ba ya buƙata. Amma waɗannan 'yan kasuwar su ne ke rubuta kowane bashi a littafi, ba don sun raina amana ba. Shafi ɗaya ya wadatar, ko da saƙon WhatsApp ne da kowa ya amsa: manufar bidiyon, tsawonsa, inda za a saka shi, ranar miƙawa, yawan gyaran da kuɗin ya ƙunsa, yadda za a biya, da wanda zai riƙe ainihin hotunan.

Nauyin ya fi hawa kan masu ɗaukar hoto, domin su ne masu sana'ar. Ya kamata su sa wa zaman tsari farashi a cikin lissafinsu, su kuma ƙi fita aiki sai an amince da rubutun. 'Yan kasuwa kuma, kafin su tambayi wace kyamara za a kawo, su fara neman a nuna musu takardar. Tun ran gini, tun ran zane.