Gwajin jini kafin aure: sanin kai "O positif" ne ba ya kare ɗanka daga amosanin jini

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure: sida, ciwon hanta, da amosanin jini, wanda ake kira sikila a Najeriya. Ga mutanen Maraɗi da Damagaram, masu auratayya da Kano da Katsina, wannan ba labarin nesa ba ne. Sai dai kafin mu fara gardamar ko Nijar ta yi irin wannan doka, akwai tambayar da ta fi gaggawa: wane gwaji ake nufi?

Tambayi saurayi ko ya san jininsa, sai ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa shi "O positif" ne. Wannan rukunin jini ne, A, B, AB ko O, kuma ranar da za a ƙara wa mutum jini ake neman sa. Ba ruwansa da amosanin jini. Abin da ake dubawa a amosanin jini shi ne sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda kowa ke gadar rabinsa daga uba, rabi daga uwa. Mai AA lafiya lau. Mai AS ma yawanci lafiya lau, har yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa wannan gado ya yaɗu a ƙasashenmu ke nan. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki daban. Haihuwar ƴaƴa uku lafiyayyu ba ta ba na huɗu tabbaci, kuma ana iya jera biyu masu ciwon.

Ko gwajin amosanin ma iri-iri ne. Gwajin Emmel, mai sauƙin kuɗi, yana nuna akwai S a jini, amma ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin himogulobin C, wanda ke da yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, ana kuma samun sa a Nijar. Mai AC zai fito da takarda mai cewa ba komai, ya auri mai AS, su haifi ɗa mai SC, wanda shi ma ciwon ne. Gwajin da ke raba gardama shi ne elektiroforez. Dokar da ta ce kawai "a kawo takarda", alhali ƙananan asibitoci ba su da na'urar, za ta buɗe kasuwar takardun bogi ne. Kuma gwajin da aka yi mako guda kafin biki, bayan an kai kaya an buga katin gayyata, da wuya ya hana komai. Wurinsa makaranta ne, tun kafin a fara zance.

Yaran da aka riga aka haifa fa? Nan ne magani ke shigowa, nan kuma ake yawan ɓarna da kyakkyawar niyya. Uwa ta ga idon ɗanta ya yi fari, sai ta sayi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe wurin mai talla. Jinin mai amosani ba rashin ƙarfe ke rage shi ba, ƙwayoyin ne ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120. In kuma yaron yana yawan karɓar jini, ƙarfen taruwa yake a hanta da zuciya. Haka diklofenak da ake sha kullum don ciwon ƙashi: yana taɓa ƙoda, wadda ciwon dama yake raunanawa. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne folik asid, penisilin ga ƙananan yara, rigakafi, da kariya daga sauro. Akwai kuma hidiroksiyuriya, da ke rage yawan tashin ciwon sosai, amma tana iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka ba a shan ta sai da ƙidayar jini a kai a kai. Ɗan uwan da ya aiko da kwalinta daga waje, ba tare da likitan da zai bi yaron ba, rabin aikin ya yi.

Yamai na da cibiyar ƙasa ta kula da amosanin jini, amma iyalin da ke Dakoro ko Magarya sai sun haɗa kuɗin mota da na masauki kafin su ga ƙofarta. Faransa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune, tana gwada duk jaririn da aka haifa tun daga 1 ga Nuwamban 2024. A nan kuwa sau da yawa sai hannun jariri da ƙafarsa sun kumbura, bayan wata shida da haihuwa, ake fara zargin ciwon.